Ruwan da ke cin ƙarfe, yaya halitta ke rayuwa a cikinsa?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai tafkuna a bakin duwatsu masu aman wuta da ruwansu ya kai ruwan batir ƙarfi, kuma wai akwai halittu a ciki. Abin da zai narkar da ƙusa, ta yaya zai bar ɗan mitsitsin abu da rai?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ƙarya ka ji ba. Ma'aunin da ake auna asid da shi ana kiransa pH. Ruwan sha yana kan 7, lemun tsami wajen 2, ruwan batir kusa da 1. Duk sauka ɗaya a ma'aunin ninki goma ne na ƙarfi. Tafkin Kawah Ijen da ke tsibirin Java a Indunisiya yana ƙasa da 0.5. Iskar farar wuta da ta kulorin ne ke tasowa daga cikin dutsen, su narke a ruwan, su mai da shi haka.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton cewa cikin jikin waɗannan halittu ma asid ne. Ko kusa. Furotin da ƙwayoyin gadonsu za su lalace a asid kamar na kowa. Yawancinsu suna riƙe cikinsu tsakanin pH 5 da 7, alhali wajensu yana 1 ko 2. Duk dabarar tana wajen tsare ƙofa.

Asid ba wani abu ba ne illa tarin ƙwayoyin haidirojin masu caji, waɗanda kullum neman hanyar kutsawa suke. Halittun da ake kira arkiya, masu kama da bakteriya a ido amma danginsu daban, suna da tantanin da ba irin namu ba. Namu ninki biyu ne na maiƙo da aka jingina da juna. Na waɗanda ke zaune a asid galibi ninki ɗaya ne, kowane zare ya ratsa daga waje har ciki, don haka da ƙyar ake samun kafar da haidirojin zai bi. Bayan wannan suna jawo sinadarin fotasiyam su tara a ciki. Shi ma caji iri ɗaya gare shi da haidirojin, kuma caji iri ɗaya ture juna suke yi. Wanda ya sulale ya shiga duk da haka, akwai famfuna na furotin da ke fitar da shi ba dare ba rana.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su bar wannan matsin ya tafi a banza ba. Sukan buɗe wata 'yar ƙofa da gangan, haidirojin ya kwararo ta cikinta, su yi amfani da ƙarfin kwararar wajen haɗa makamashi, kamar yadda ruwan madatsa ke juya injin lantarki.

A 1972 Thomas Brock da abokan aikinsa suka bayyana wata arkiya mai suna Sulfolobus acidocaldarius daga maɓuɓɓugan Yellowstone a Amurka. Ta fi jin daɗi a zafin digiri 75 zuwa 80 na ma'aunin Celsius da pH 2 zuwa 3. Wasu daga danginta farar wuta suke ci, su fitar da asid, wato da kansu suke ƙara wa ruwan kaifi. Amma gwarzon fagen shi ne Picrophilus, da aka samo a Hokkaido ta Japan aka bayyana a 1995. Ya fi girma a pH 0.7, yana iya hayayyafa har wajen 0. Ka sa shi a ruwan da ya haura pH 4, sai ya fashe. Ruwan da kai za ka sha, shi ne ajalinsa.

Koren da ake gani a gefen irin waɗannan ruwaye kuwa gansakuka ce, kamar Galdieria sulphuraria. Binciken 2013 ya nuna kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonta aro ta yi daga bakteriya da arkiya, ciki har da waɗanda ke taimaka mata jure gubar ƙarafa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin asid yana narkar da ƙarafan dutse ya zuba su a ruwan.

Kada ka ɗauka ruwan cike yake da iri-iri. A tafkin dutsen Poas na Kosta Rika, binciken da aka wallafa a 2018 ya tarar kusan nau'in bakteriya ɗaya ne tak, Acidiphilium, ya mamaye wurin. A Dallol ta Habasha kuma, masu bincike sun ba da rahoto a 2019 cewa ba su ga alamar rai ba a kududdufan da suka fi tsanani. Can asid bai zo shi kaɗai ba, ya haɗu da zafi da gishiri mai yawan gaske. Korar haidirojin tana cin makamashi, hana gishiri tsotse ruwan jiki ma haka, kuma a waɗannan kududdufan ba a samu wadda ta iya biyan duka biyun ba.