Kama da wane ba wane ba ne: tambayoyinku kan "zama kamar Allah"

Tambaya daga wani ɗalibin makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Jos: Malam, malaminmu ya ce 'yan Mormon na Amurka sun ɓata domin suna koyar da cewa mutum zai zama kamar Allah. To mu ma a coci ana yi mana wa'azi mu zama kamar Allah. Shin "kamar" ɗin iri biyu ce?

Amsa: Ɗana, kalmar ɗaya ce, abin da ake ɗora mata ne ya bambanta. "Kamar" ba komai ba ce illa "kama" da aka liƙa wa harafin mallaka, wato "kamar Audu" na nufin kama ta Audu. Ita kuwa kama ba ta tsayuwa sai da abu biyu, kuma dole mai hankali ya tambaya: ta wace fuska suka yi kama? Idan aka ce yaro ya yi kama da ubansa, mai yiwuwa hanci ake nufi, ko murya, ko haƙuri. Idan aka ce ya gaji ubansa, an koma wata magana, domin gida da gona da rawani sun shigo ciki. A tsakanin waɗannan biyun rigimar take.

Kiristoci 'yan bishara, irin su ECWA a nan gida da 'yan Baftis na jihohin kudu na ƙasar Amurka, suna kan ta farko. A wurinsu Allah ya halicci komai daga babu, shi kaɗai ne marar farko, mutum kuwa abin halitta ne yau da gobe da har abada. Mai bi zai yi kama da Ubangijinsa a tsarki da ƙauna da adalci, ya sami rai madawwami, amma zatin Allah ba a tarayya da shi. Ayar da suka fi ja ita ce Ishaya 43:10, inda Allah ya ce ba a yi wani allah kafinsa ba, ba kuwa za a yi wani bayansa ba.

'Yan Mormon suna kan ta biyu. Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830, ya tsaya gaban dubban mabiyansa a garin Nauvoo na jihar Illinois ranar 7 ga Afrilu 1844, 'yan watanni kafin a kashe shi, yana ta'aziyyar wani abokinsa mai suna King Follett. A nan ya ce Allah kansa ya taɓa zama yadda muke yanzu, mutum ne da aka ɗaukaka. Lorenzo Snow, wanda ya zama shugabansu na biyar a 1898, ya dunƙule koyarwar a layi biyu da suka yi kama da karin magana: yadda mutum yake yanzu haka Allah ya taɓa zama, yadda Allah yake yanzu haka mutum zai iya zama. A littafinsu na koyarwa da alkawura, sashe na 130 ya ce Allah Uba yana da jiki na nama da ƙashi, sashe na 132 kuma ya ce waɗanda suka cika alkawarin aure na har abada za su zama alloli. Tushen duk wannan shi ne, a ganinsu, ruhun kowane mutum ɗa ne na haƙiƙa ga Uba, jinsinsu ɗaya. Da Bahaushe ne ke kare musu wannan ra'ayi, da cewa zai yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa suke son Romawa 8:17, mai cewa idan mu 'ya'ya ne to magada ne.

'Yan bishara sai su ce a koma aya ta 15 a wannan babi, Manzo Bulus, marubucin wasiƙar, ya bayyana cewa ɗauka aka yi aka mai da mu 'ya'ya, ba haihuwa ba ce. A nan al'adarmu kan rikita mai karatu, domin ɗan riƙo a ƙasar Hausa ba ya cin gado. A dokar Romawan da Bulus ya rubuta wa kuwa, wanda aka ɗauka ɗa yana gado cikakke. Don haka suna iya cewa mu magada ne ta alheri, ba tare da sun ce irinmu ɗaya da Allah ba.

Tunda mun taɓo "kamar", bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Saurari matasan da ake hira da su a rediyo: "Ni dai kamar ina ganin kamar abin kamar bai dace ba." Uku a jimla ɗaya, babu wadda ta kwatanta komai da komai. Kalmar da manyan malamai suka shekara fiye da ɗari suna jayayya a kan nauyinta, mu mun mai da ita abin cike gurbi kafin mu tuna abin da za mu faɗa. In kana shakka ka ce "ina jin", in ka tabbata ka faɗi maganarka kai tsaye. A rubutu kuma "kamar" ce daidaitacciya, a bar "kaman" ga hirar baka.

Tambaya daga wata malamar firamare a Kafanchan: Mene ne bambancin "kamar" da "tamkar"?

Amsa: "Tamkar" ta fi nauyi, Malama, ta kusa kai ga daidaito. Shi ya sa muke cewa Allah ba shi da tamka. Ɗan bishara zai yarda a ce masa ya zama kamar Allah a jinƙai, amma ba zai yarda da "tamkar Allah" ba.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: An ce a Zabura akwai inda aka ce wa mutane "ku alloli ne". Ashe kalmar Allah tana da jam'i?

Amsa: Sunan Mahalicci ba shi da jam'i. Amma Hausa tana da "allah" da ƙaramin baƙi, jam'insa "alloli", ga duk abin da wasu suka bauta wa ko suka girmama haka. Ayar ita ce Zabura 82:6, kuma Yesu ya ja ta a Yahaya 10:34 lokacin da ake zarginsa da saɓo. 'Yan Mormon suna kafa hujja da ita, su haɗa da 2 Bitrus 1:4 mai zancen tarayya cikin halin Allahntaka, har su kawo Atanasiyus na Iskandariya, bishop na ƙarni na 4, da ya ce Kalman Allah, wato Almasihu, ya zama mutum domin mutum ya zama allah. 'Yan bishara kan amsa cewa zaburar tana tsauta wa azzaluman alƙalai ne, ko wasu halittun sama, kuma aya ta 7 ta ce musu za su mutu kamar mutane. Atanasiyus kuwa, in ji su, bai taɓa cewa Allah ya fara da zama mutum ba, shi ne ma ya ƙare rayuwarsa yana kare bambancin Mahalicci da halitta. A wannan gaɓar ina ganin 'yan bishara sun fi riƙe tarihi daidai.

Sai dai ina roƙon masu rubutu a Facebook su daina cewa "'yan Mormon sun ce za su zama Allah". Babban baƙin nan ya sa musu maganar da ba su faɗa ba. Su dai cewa suke ko bayan ɗaukaka Uba yana nan a matsayin Allahnsu, shi za su ci gaba da bauta wa. A wata maƙala da cocin ya fitar a 2014 ya ce zancen nan na kowa zai sami duniyarsa ya mulka, zanen ba'a ne ake yi musu da shi. Rabin farko na maganar Snow ma ba sa yawan zurfafawa a kansa, domin da mujallar Time ta tambayi shugabansu Gordon Hinckley a 1997, cewa ya yi ba abu ne da suke nanatawa ba, kuma ba su da cikakken sani a kai. Ni a nawa imanin akwai shamaki tsakanin Mahalicci da bawa wanda ba ya ɗaguwa, kamar yadda aya ta 11 ta Suratush Shura ta ce babu wani abu da ya yi kama da shi. Amma saɓa wa mutum bai halatta yi masa ƙage ba.

Tambaya: Daga ina "Ubangiji" ta samo asali?

Amsa: Uban gida ce. "Giji" tsohuwar siga ce ta gida, ita ce a "uwargijiya".

Tambaya daga wani dattijo a Zonkwa: Na ce wa jikana wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, son zama kamar Allah ai shi ne tarkon da maciji ya ɗana wa Hawwa'u. Karin maganar ta zauna?

Amsa: Ta zauna, Baba, ana faɗinta ga mai hanƙoron abin da ya fi ƙarfinsa, kuma hujjarka ita ce ta 'yan bishara daga Farawa 3:5. Amma ka shirya wa amsa idan jikan ya yi karatu. Ɗan Mormon zai buɗe aya ta 22, inda Allah da kansa ya ce mutum ya zama kamar ɗayanmu wajen sanin nagarta da mugunta, ya ce ƙaryar maciji tana cikin "ba za ku mutu ba". Sai ka nuna masa cewa a ayar da ke biye korar su aka yi daga gonar.

Tambaya: Da wane suna ya dace a kira 'yan Mormon da Hausa?

Amsa: Tun 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya nemi a bar laƙabin Mormon a riƙa faɗin cikakken sunan, wanda za a iya cewa Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Na yi amfani da laƙabin a nan don shi aka sani. In ka haɗu da ɗayansu, kuma kana iya haɗuwa, tunda suna da haikali a Akara tun 2004 da Aba tun 2005, ka kira shi da sunan da ya zaɓa.