Kafin arba'in ɗin Malama: amsar Kawu

Ɗana, saƙonka ya iso. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka Malama, Ya sa can ta fi mata nan. Ka ce arba'in na ƙaratowa, tsofaffin ɗalibanta na son a yi taro a buga kalanda da hotonta, wasu kuma sun ce gara a sa kyautar lissafi da sunanta a makarantar da ta koyar. Kana tambayar wanne ne al'ada, wanne ne addini, kuma ko za a iya ɗiban kuɗin daga abin da ta bari.

Ta ƙarshen zan fara amsawa: kada a taɓa. Tun ranar da ta cika, dukiyar ta tashi daga hannunta, kuma jerin da ake bi sananne ne. Kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Kalanda ba ta cikin jerin nan. Ƙanwarka auta ba ta balaga ba, ba wanda ke da ikon yafe rabonta a madadinta, ko da da sunan sadaka ne. Baligi in ya karɓi nasa, ya yi abin da ya ga dama da shi.

Bashi ne wurin da ake yawan tuntuɓe, domin na malaman makaranta ba ya zama wuri guda. Akwai zubin adashi da ta riga ta kwasa, akwai rancen ƙungiyar ma'aikata da ake cira daga albashi, akwai kuɗin jarrabawa ko na littattafai da iyayen yara kan damƙa wa malami amana. Ka samu littafi guda, ka raba shafi biyu: abin da ake bin ta, da abin da take bi. Ka je wurin uwar adashi da akawun makaranta da kanka, kada ka aika. Haƙƙoƙinta na aiki da za a biya daga baya, wanda aka rubuta sunansa a takardar aikinta don ya karɓa, wakili ne kawai, kuɗin cikin gado za su shiga. Gidaje da yawa a nan zumuncinsu ya tsinke.

Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi 1 cikin 3, kuma ba a yi wa magaji ita. Gadon kuwa, da tana nan da ta warware muku shi a allo kafin alli ya ƙare. Ta bar miji, da mahaifiyarta, da ku maza 2 da mata 3. A kasa dukiyar gida 12. Mahaifinku na da rubu'i saboda akwai 'ya'ya, kashi 3 ke nan. Mahaifiyarta Hajiya na da sudusi, kashi 2. Saura 7: kowane namiji 2, kowace mace 1. Yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Ni da nake ɗan'uwanta ba ni da ko ƙwayar allura, tunda akwai ɗa namiji, don haka ka saurare ni da kunnen wanda ba ya neman komai. Duk da haka a kira masanin gado ya zauna da shaidu, a yi wa gida da gwal ƙima kafin a raba, a rubuta kowa ya sa hannu.

Zancen uku da bakwai da arba'in, al'ada ce da muka taso muka tarar. Zaman makoki da addini ya sani kwana 3 ne, sai matar da mijinta ya rasu mai takabar wata 4 da kwana 10. Malamai sun saɓa a kan taron: wasu na ganin addu'a ce ba laifi, wasu na ganin ware rana ƙari ne a addini. Ba zan sa ka yi faɗa da gwaggwanninka a kan wannan ba. In za a yi, a yi shi a taƙaice, da kuɗin wanda ya ga zai iya, ba da bashi ba. Kalanda kuwa ban ga amfaninta ba. Shekara na juyawa za ka ga hoton mahaifiyarka an naɗe kaya da shi.

Hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya ce aikin mutum na yankewa in ya mutu sai abu 3: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu, rijiya ya haƙa da sunanta. Malama ta riga ta shuka na biyun da hannunta, naku shi ne kada ya bushe.

Ka fara da takardunta tun gara da laima ba su riga ka ba. A kasa su uku. Rajistar aji da takardun sakamako na makaranta ne, a mayar musu. Wasiƙu da takardun gida a ajiye. Na ukun su ne littattafan shirin darasi da ta yi shekaru tana cikawa, da gyare-gyarenta na jan biro a gefe. Su ma cikin gado suke, sai magada sun amince. A sa wa kowane shafi lamba da fensir kafin a raba shi da ɗan'uwansa, a shimfiɗa a ɗauki hoto da hasken rana, ba da fitilar waya ba, domin ƙyallinta na cinye rubutun fensir. In za a buga a kwamfuta, kada a bar wa mai buga takardu shi kaɗai. Alamar ɗebewa guda ta faɗi, ko ƙaramar lambar da ke saman harafi ta sauko layi, amsa ta lalace, yara kuma su haddace kuskure da sunanta. Malamin lissafi mai koyarwa yanzu ya sake warware kowace tambaya, ya kuma duba abin da ya fita daga manhaja.

Kyautar da ɗalibanta suka kawo shawara ce mai kyau, amma ga yadda take mutuwa: shekarar farko kowa na da zafi, ta biyu mutum uku ne ke bayarwa, ta uku sai shiru. Kada a sanar sai an tara na shekara 5 a hannu. A rubuta wa za a ba, da wane ma'auni, da wanda zai zaɓa. Masu sa hannu a asusun su zama biyu, ɗaya daga gida, ɗaya daga ɗalibai. Ni a ganina a yi ta gida biyu, ɗaya ga wanda ya fi maki, ɗaya ga wanda ya fi ƙara ƙoƙari, kuma a biya kuɗin jarrabawa ko a sayi littafi da kayan awo maimakon a miƙa tsaba.

Ƙawayenta kuma kada ka yar da su, girmama su na cikin biyayyar da ta rage maka. Ka fara da wadda suke tafiya makaranta tare, ita za ta san wa ke riƙe da littafin adashin. Ka gaishe min da Babanka da Hajiya.