Ruwan Azurfa, Kaji da Rijiya: Amsar Tambayoyinku

Tambaya: Malam, wani ɗan talla ya kawo mana kwalbar "ruwan azurfa" a kasuwa, wai in ana ɗigawa a ruwan kaji sun rabu da zawo. Akwai tsada. In saya? Daga mai kiwon kaji a Jega.

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Gaskiya ne azurfa tana kashe bakteriya. Idan ta narke a ruwa takan kama ƙwayar cutar ta hana ta numfashi da hayayyafa, shi ya sa a asibiti ake shafa wa ƙuna man da ke ɗauke da ita. Sai dai tana da nawa. Abin da klorin zai gama a minti 30, ita sai ta ɗauki sa'o'i, kuma da zarar ruwa ya yi dauɗa ko gishiri-gishiri, ƙarfinta ya ragu.

To yaya ruwan kajinka yake? Na gaji da maimaita wannan magana, amma bari in ƙara. Je ka goga yatsa a cikin mazubin ruwansu. Wannan yauƙin da za ka ji shi ne gidan cutar. Kaza ta tsoma baki da dusa, wata ta yi kashi a ciki, zafin Kebbi ya dafa haɗin, gobe yaro ya zo ya ƙara ruwa a kai bai wanke ba. A haka ko tsabar azurfa ka zuba, asara ce. A wanke mazubi kullum da soso da sabulu, a shanya a rana, a ɗaga shi daidai tsayin bayan kaza don kada su taka. Ruwan rijiya ko na kogi in ya yi duhu, a sa alam ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta, a tsiyaye, sannan a sa klorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba. Ba a sa klorin a ruwa mai laka.

Ga inda da yawanku ke yin ɓarna. Allurar rigakafin Lasota da Gumboro da ake ba kaji a ruwa rayayyun ƙwayoyi ne, klorin na kashe su. A dakatar da duk wani maganin tsaftace ruwa, har da azurfar, kwana 2 kafin rigakafi, a zuba garin madara marar kitse kamar giram 2 a kowace lita. Wanda bai yi haka ba, ruwa kawai ya shayar, sai annoba ta shigo ya ce allurar jabu ce.

Tambaya: Zan iya zuba ruwan azurfa a kududdufin tarwada? Daga Yauri.

Amsa: Kul! Azurfa guba ce ga kifi, ko 'yar kaɗan ce. Ka riƙa sauya ruwa, ka rage yawan abinci.

Tambaya: Kakata takan jefa zoben azurfa a randa. Yana aiki? Daga wata baiwar Allah a Argungu.

Amsa: Hajiya, abin da ke narkewa daga zobe bai kai a dogara da shi ba, ki tafasa ruwan.

Tambaya: Rijiyarmu tana kusa da inda ake wanke zinari. Azurfa za ta gyara ruwan mu sha, mu shayar da dabbobi? Daga Anka.

Amsa: Ɗan'uwa, ba za ta gyara ba. Damuwarku dalma ce da ke cikin dutsen zinarin, ita kuwa azurfa ba ta cire ta, klorin ma haka. Tafasawa ƙara mata kauri take yi, don ruwa ne ke ƙonewa ita tana nan. Kun fi ni sanin abin da ya faru a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. A kai ruwan a auna, kafin nan a nemi wata rijiya mai nisa, a kuma daina daka dutsen a cikin gida.

Masu kurɓar ruwan azurfa da sunan magani su ma su ji. Tana taruwa a jiki har fata ta rine ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, kuma ba ta washewa. Tun 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce babu shaidar ingancinsa ko amincinsa. Inda na yarda da azurfa shi ne a tukunyar yumɓu ta tace ruwa, irin wadda aka ƙirƙiro a Guwatamala a 1981. Yumɓun ne ke tare yawancin dattin, azurfar da aka shafa ta hana ƙwayoyi yaɗuwa a jikin tukunyar. Ita ma ba maganin dalma ba ce.