Amsa ga ƙanwarmu mai son kai yara kallon ruwan dutse

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata na ga tambayarki tun jiya, kin ce kin gani a bidiyo mutane na tahiya a ƙasa cikin kurmi har su isa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, kina son ki kai yara da Hajiya in an yi bakans, amma wurin da ba wahalar hawa tunda Hajiya na fama da gwiwa. Na ga wasu sun ce miki Gidimuni, wasu Mirya. Wuraren nan da kyau wallahi, ga inuwa ga ruwa, amma tafki ne da garake, ba shi kika gani ba. Ƙasar Damagaram ba mu da irinshi, duwatsunmu na Birni busassu ne, kuma garin da ake bin layin famfo da bidon ina zai samu ruwan zubarwa daga sama.

A cikin Nijar akwai na Timiya a Abzin, wajen kilomita 220 gaba da Agadas, wuri ne mai kyau ga lemu ga rumman, sai dai ba kurmi ba ne, tahiyar kuma ta katkat ce da ɗan jagora, ga zancen tsaro. Ba tahiyar tsohuwa ba ce, ajiye shi.

Ni sana'ata ɗauko dankalin turawa daga Jos, na daɗe ina bin hanyar, don haka wanda zan ce miki shi ne ruwan dutse na Assop, a jihar Filato ta Nijeriya. Daga nan ki bi Matamai, Ɗan Barto, Daura, ki kwana Kano, kashegari da safe ki kama hanyar Jos ta dajin Falgore da Saminaka. Dajin nan da rana tsaka ake wuce shi, kar wani direba ya ce miki a yi sammakon asuba ko a bi dare don a rage lokaci. Daga Jos kilomita 60 da ƴan kai ne a kan titin Akwanga, daidai gangaren Hawan Kibo inda tireloli ke sauka suna warin birki. Abin da ya sa na zaɓe shi, mota na kai ki kusa, sauran ɗan taki ne a ƙasa. Da kin bar titi kin shiga ƙarƙashin itatuwan sai ki ji iska ta canza, sanyi-sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙen ganye, kuma tun ba ki ga ruwan ba ƙararshi ta cika miki kunne, har sai kun dinga ɗaga murya in za ku yi magana. Akwai Farin Ruwa a wajen Wamba jihar Nasarawa, shi ne babban, tsawonshi wajen mita 150, amma hanyar ƙauye ce marar kyau da tahiyar ƙasa mai nisa, wannan na samari ne.

To yanzu ki saurare ni da kyau, don nan ne maganar take. Hawan ba shi ne matsala ba, yaron da ya saba tsalle a duwatsun Birni zai raina shi. Matsalar ita ce mu ba mu san jiƙaƙƙen dutse ba, kuma ba mu san ruwa mai gudu ba. Dutsen da feshin ruwa ke taɓawa kullum yana da wata gansakuka siririya, wani wurin ma ba kore ba ce, baƙa ce mai sheƙi, ki ganta kamar dutse ne kawai ya jiƙe, ki taka ki ji kamar an zuba miyar kuɓewa. Na ga wani saurayi da silifa ya ja baya-baya don hoto ya fito da ruwan, ƙafa ɗaya kawai ta tahi, ya zauna daɓas ya zame har sai da wani ya cafko rigarshi, wayar dai ta wuce. Kowa ya sa basket mai kama ƙasa, ba silifa ba takalmin fata mai sulɓi. Ke da ƴan mata ku sa wando ƙarƙashin hijabi, hijabin kuma kar ya zama mai jan ƙasa, ƙaya na kama shi kuma ba kya ganin inda kike takawa. Hannuwa biyu su zama ba komai, kaya a sak na baya.

Yara kuwa kar su shiga gurbin da ruwan ke faɗawa ko da kun ga ƴan garin na iyo, su a ciki suka tashi, namu iyakarsu tafkin damina. Ƙasan wurin da zurfi kuma ruwan juyawa yake. Su tsoma ƙafa can gefe inda kike ganin tsakuwa a ƙasa, babba na riƙe da su. In kika ga ruwan ya soma yin ja, ko ganye da ƙirare na gangarowa da yawa, an yi ruwa a sama ne ko da inda kuke rana ake, ku hau tudu nan take, ba sai an gama cin abinci ba.

Shi ya sa zancen bakans ɗin ban yarda da shi ba. Watan 7 zuwa watan 9 tsakiyar daminarsu ce, kuma ruwan da ake yi a Jos ya ninka namu wajen sau uku, ruwan dutsen ya cika ya yi jajir, ko'ina santsi. Mafi kyau ƙarshen watan 10 zuwa 11, amma yara na lakwal. Saboda haka ki bari sai kwanjen ƙarshen Disamba, ruwan ya ragu amma yana zuba, ya yi garau, duwatsun gefe sun bushe. Sai dai sanyi! Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, hunturunsu ba wasa, ki ɗaukar wa Hajiya bargo da safa da man zafi.

Ita Hajiya kar ku matsa mata sai ta sauka har bakin ruwan. Sanda, tabarma, inuwa inda take hango shi daga sama, a bar mata babban yaro ɗaya da fulas na shayi, ta ja carbinta. Saukowa ce ke cin gwiwa ba hawa ba.

Guzuri kilishi da dabino da alkaki sun isa, da ruwan sha naku, kar a sha na rafin duk kyanshi. Ki canji naira tun a Kasuwar Dole, ana biyan kuɗin shiga kuma ki ɗan sallami yaron garin da zai nuna muku matakai. Kat dantite da karnen allura na kowa, da takardun haihuwar yara, tunda muka fita CEDEAO a Janairun 2025 gara komai ya zama cikakke a hannu. Yankin Riyom kuma yakan yi rikici lokaci-lokaci, in kun isa Jos ki sa mai gidanki ya tambayi direbobin tasha ko ƴan uwanmu na kasuwar Farin Gada lahiyar hanya a ranar, in suka ce a dakata to a dakata. Ku ɗauki shatar mota ta jira ku, ku isa da hantsi, kafin la'asar kun kamo hanyar Jos.