Tambaya da Amsa: Shugaban ma'aikata zai iya dogara da ƙuri'un mambobinsa?

Tambaya: Malam, ni sakataren reshen ƙungiyar ƙwadago ne a Kaduna. Abokan aiki sun matsa mini lamba in tsaya takarar majalisar jiha, har suna cewa a ɗauki wani abu daga kuɗin ƙungiya a fara kamfe. Wani ya turo mini labarin Jimmy Reid na Skotland, wai shi ma daga ƙungiya ya tashi ya zama babban ɗan siyasa. Na kasa barci, ina tsoron in zubar da mutuncin da na tara. Gaskiya ne abin da ake faɗa a kansa?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron nan naka yana kan hanya. Wanda ya turo maka labarin Reid rabinsa ya turo, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ya shafe ka.

An haifi Reid a 1932 a Govan, unguwar masu ƙera jiragen ruwa a birnin Glasgow. A watan Yunin 1971 kamfanin ƙera jiragen ruwa na Upper Clyde Shipbuilders ya durƙushe, gwamnatin Firaministan Birtaniya Edward Heath ta ƙi ba shi bashin fam miliyan 6, aikin kusan mutum 6,000 cikin 8,500 ya shiga haɗari. Maimakon yajin aiki, Reid da Jimmy Airlie da sauran wakilan ma'aikata suka ce kowa ya zauna a bakin aikinsa, a ci gaba da ƙera jiragen da aka riga aka yi oda. Reid ya gargaɗi ma'aikata cewa babu tayar da hankali, babu ɓarna, babu shan giya, domin duniya tana kallonsu. A watan Fabrairun 1972 gwamnati ta sauko, ta ware fam miliyan 35. Ɗaliban Jami'ar Glasgow suka zaɓe shi ya zama rekta, wato wakilinsu a hukumar gudanar da jami'ar, jawabinsa na kama aiki kuma jaridar New York Times ta buga shi.

To ga abin da masu yaɗa labarin a WhatsApp ba sa faɗa: Jimmy Reid bai taɓa shiga majalisar dokokin Birtaniya ba har ya mutu a 2010. Iyakar kujerar gwamnati da ya ci ita ce ta kansila a Clydebank, wani gari kusa da Glasgow. A 1974, sunansa na bakin kowa, ya tsaya a mazaɓar Central Dunbartonshire a ƙarƙashin jam'iyyar Kwaminis. Mazaɓar ta ƙunshi Clydebank ɗin, garin da ya taimaka wajen ceto aikin mutanensa. Hugh McCartney na jam'iyyar Labour ya kayar da shi. Ya koma Labour, ya tsaya a Dundee ta Gabas a 1979, Gordon Wilson na SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin Skotland, ya kayar da shi.

Wannan kuskuren nake fama da shi kullum a wurin shugabannin ƙwadago, kuma ya ishe ni. Mutum ya tsaya a kan mota, dubban ma'aikata suna kiran sunansa, sai ya fara ƙirga su a matsayin ƙuri'u. Taron nan ba naka ba ne, na albashin da aka riƙe ne, na aikin da ake shirin korar su ne. Ma'aikaci yana bin ka a ƙofar ma'aikata don buƙatarku ɗaya a wurin. Ranar zaɓe kuwa yana da jam'iyyar da ubansa ya bi, yana da unguwa, yana da addini, yana da matar da take da nata ra'ayi. Ma'aikatan kamfanin jiragen sun amince da Reid ya yi magana da gwamnati a madadinsu, amma da yawa ba su yarda su miƙa ƙuri'arsu ga Kwaminis ba, kuma ba butulci suka yi ba. Sannan mambobin reshe warwatse suke a mazaɓu daban-daban. Ka zauna ka duba rajistarku: nawa ne suke da katin zaɓe a mazaɓar da kake so? Masu zuga ka sun yi wannan lissafin? Yawancinsu ba su yi ba, kuma ranar da ka faɗi ba za su biya maka bashin fosta ba. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Ka dubi Michael Martin, shi ma ɗan Glasgow. Maƙerin kwano ne, ya yi wakilin ma'aikata a kamfanin Rolls-Royce, daga baya ya zama jami'in NUPE, ƙungiyar ma'aikatan gwamnati. Bai kai Reid baki ba ko kusa. Amma ya yi shekaru yana hidimar jam'iyyar Labour a unguwa, ya zama kansila a 1973, ya ci kujerar majalisar dokoki ta mazaɓar Springburn a Glasgow a 1979, shekarar da Reid ya faɗi a Dundee. A 2000 ya zama shugaban majalisar wakilai. Badaƙalar kuɗin alawus na 'yan majalisa ta sa ya sauka a 2009, amma wannan wani zance ne. Jam'iyya mai rassa a kowace unguwa ce ta kai shi, ƙungiya ta zame masa makaranta. Ko Adams Oshiomhole da za a kawo maka misali da shi, da ya bar shugabancin NLC a 2007, a inuwar jam'iyyar AC ya tsaya takarar gwamna a Edo, kuma sai da kotu ta ƙwato masa kujerar a 2008.

Batun kuɗin ƙungiya kuwa, kada ka taɓa ko kwabo. A Birtaniya tun 1913 doka ta tilasta ware asusun siyasa daban, sai mambobi sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi, kuma wanda ba ya so yana da ikon cire kansa. Kuɗin da ake cirewa daga albashin masinja da direba amana ce da aka ba ka don kare aikinsu, kuma Allah zai tambaye ka. Idan kana son takarar da gaske, ka karanta tsarin mulkin ƙungiyarku, ka ajiye muƙamin sakatare, ka yanki katin jam'iyya a gundumarku, ka fara neman kansila da kuɗin aljihunka da gudummawar waɗanda suka bayar don ra'ayin kansu.