Na ba da kafin alƙalami na agogo, kanti ya daina ɗaga wayata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar shanu ne a Garwa. Wata huɗu da suka wuce na kai kaya Duwala, na ce bari in cika wani tsohon buri, in sayi agogon Suwizalan mai tsada. Na shiga wani kanti da rigata ta tafiya, na yi kusan rabin awa a tsaye babu wanda ya ce mini sannu, alhali wani mai kwat da ya shigo bayana har kujera aka ja masa. Da na nuna wanda nake so, yaron kantin ya ce na nuni ne, sai dai in ba da kafin alƙalami a yi mini oda. Kuɗinsa sefa miliyan 6, na ba da miliyan 2, aka rubuta mini a 'yar takarda. Yau ga shi ba agogo, in na kira ba a ɗagawa. In ci gaba da jira ne? Alhaji, daga Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsayuwar da ka sha ta ɓata mini rai, amma 'yar takardar nan ta fi tayar mini da hankali. Kai da ba ka sakin kuɗin bijimi sai a gaban dillali da shaidu, ya aka yi ka saki miliyan 2 haka? Na san amsar: wanda aka raina yakan so ya nuna cewa yana da shi. Wasu masu kanti sun san wannan lagon sarai.

Maganar na nuni ne kam tana iya zama gaskiya. Wasu samfuran Rolex, irin su Submariner da Daytona na ƙarfe, masu nema sun fi abin da ake ƙerawa yawa, har a manyan kantunan Dubai da Faris sai mutum ya shiga layin jira. Sai dai rubuta suna a layi daban, karɓar sulusin kuɗi ba tare da an yanka ranar kawowa ba daban.

Ni dai ba zan ce ka jira ba. Agogo irin wannan ba goro ba ne da za a saya a rabu. Rolex na ba da garantin shekara 5 tun 2015, Omega ma haka tun 2018, kuma katin garantin sai ya fito daga hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi. Bayan nan ga gyaran inji da akan yi kamar duk shekara 10. Ka ga ke nan zaman shekaru ne tsakaninka da mai kantin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya ƙi ɗaga waya yana jiran cikon miliyan 4, me zai yi ranar da agogon ya tsaya, kai kuma kana Garwa, tsakaninku motar Gaundere da jirgin ƙasan dare zuwa Yawunde da wata motar kuma?

Ka fara sa yaro ya duba maka shafin kamfanin agogon a intanet, domin manyan kamfanonin suna jera sunayen dillalansu ƙasa ƙasa. In babu sunan kantin, to ɗan tsakiya ne, shi ma wajen wani zai nemo. Sannan ka rubuta wa mai kantin kansa, ba yaronsa ba, wasiƙa da Faransanci mai kwanan wata: ko agogo cikin mako biyu, ko kuɗinka. Ka riƙe ainihin 'yar takardar, hotonta kawai za ka aika. In ya yi kunnen uwar shegu, ka sa wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai kai takardar gargaɗi, ya kai masa har kanti. Kamaru na da dokar kare masu saye ta ranar 6 ga Mayu 2011, kuma ma'aikatar kasuwanci na da ofishi a kowane yanki, har da Duwala inda kantin yake.

In kuwa kunya ta sa suka kawo agogon kuma ranka na so, kada ka cika kuɗi sai lambar jikinsa ta yi daidai da ta katin garanti da ta faktir, wato rasit, mai hatimi. A Rolex na zamanin nan lambar na zane a zoben ciki, ƙarƙashin gilashi, saitin ƙarfe 6. Su rage maka sarƙar a gabanka, ka karɓi ƙwayoyin da aka cire.

Tambaya: Malam, na sayo wa maigida agogo mai tsada a Dubai. In ya ajiye shi kwana uku sai ya tsaya. Na tura wa mai kantin saƙo, ya ce in karanta littafinsa, bai ƙara ko harafi ba. An cuce ni ne? Hajiya, daga Injamena.

Amsa: Hajiya, amsarsa ba ladabi, amma ina kyautata zaton agogon lafiyarsa ƙalau. Irin wannan ba ya amfani da batir, motsin hannu ne ke ba shi ƙarfin tafiya, kuma yawancinsu awa 38 zuwa 70 suke yi a ajiye kafin su tsaya. Maigida ya murza kan agogon, wato ɗan maɓallin gefensa, kamar sau 30, ya saita lokaci, ya ɗaura. In yana hannunsa kullum amma yana tsayawa, ko yana gudu da mintoci a rana, wannan matsala ce ta garanti. Kada a bari mai gyaran kasuwa ya buɗe bayansa, garantin zai faɗi. In kan nasa irin wanda ake ɗaurewa kamar noti ne, a riƙa mayar da shi a ɗaure tam, saboda ƙurar hunturun Injamena.