Faifaina yana tsayawa cak kafin ya buɗe, ya kusa mutuwa ne?

Tambaya: Ina da faifan ajiya na biyu a kwamfutata, irin mai juyawa. In na jima ban taɓa shi ba, sai ya tsaya cak na 'yan daƙiƙoƙi, in ji ƙara kamar inji na tashi, sannan fayiloli su fito.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, barci yake yi. Direba, wato ƙaramar manhajar da ke shiga tsakanin Windows ko Linux da faifan, ita ce ta kwantar da shi. Idan lokacin da aka ɗiba ya cika ba a nemi komai ba (a Windows yawanci minti 20 ne), sai ta fara umartarsa ya juye abin da ke ma'ajiyarsa ta wucin gadi a kan farantin da ke juyawa a cikinsa, don kada rubutu ya salwanta, sannan ta tsayar da motarsa. A ƙa'idar ACPI, wato tsarin sarrafa wutar kwamfuta, D0 na nufin na'ura tana aiki sosai, D3 kuma ta kwanta. Ƙarar da kake ji, farantin ne ke komawa juyi 5400 ko 7200 a minti, direba kuwa ta riƙe buƙatarka a layi har ya kimtsa.

Abin da ya fi damuna shi ne barcin da ya yi yawa. Duk sanda faifai ya janye allurarsa (wadda ke karatu da rubutu a kan farantin) gefe ya dawo da ita, ƙarfe na ci, kuma masu ƙerawa kan ƙayyade wannan a wajen sau 300,000 zuwa 600,000. Wasu tsofaffin faifan WD Green na kamfanin Western Digital kan janye allura bayan daƙiƙa 8 kacal, lissafinsu ya yi ta hauhawa. Duba naka lissafin a SMART, wato bayanan lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa, lamba 193.

In kana Linux, da umarnin hdparm ake saita lokacin barcin faifai: hdparm -S 240 minti 20 ke nan, domin daga 1 zuwa 240 kowace lamba daƙiƙa 5 ce. Shi kuma hdparm -B, daga 128 zuwa 254 yana hana faifan tsayar da motarsa don kansa. Ni dai ba na sa ƙasa da minti 20 a faifan da nake leƙawa a kai a kai.

SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, ba ya da mota, farkawarsa ƙiftawar ido ce. Amma in faifanka yana yin wannan jinkiri ana tsakiyar kwafe fayil, ko yana ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, to wannan ba barci ba ne, kwashe kayanka yau.